Addini da Sha'awa a Fina-finan Sabon Salo na Japan: Wa Aka Nuna, Wa Kuma Ya Yi Magana?

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce nazarin wasu fina-finai da aka shirya a ƙasar Japan, akasarinsu tsakanin shekarar 1968 da 1974, waɗanda suka haɗa jigogi biyu da ba a cika son a ambata su wuri guda ba, wato addini da sha'awar jiki. Fina-finan suna daga cikin waɗanda manazarta ke kira na sabon salo, ma'ana waɗanda masu shirya su suka bijire wa zubi da tsarin da manyan kamfanonin silima suka saba da shi, suka kuma taɓo batutuwan da jama'a ke kawar da kai daga gare su. An sha yaba wa waɗannan fina-finai saboda sun fito da mutanen da a da ba a cika ganin su a allon majigi ba: 'yan asalin Koriya mazauna Japan, da mutanen tsibiran Okinawa, da Kiristoci 'yan tsiraru, da mata masu hawan iska, da maza masu shigar mata.

Yabon yana da tushe, ba kuma nufinmu ba ne mu rushe shi. Abin da takardar za ta yi ƙoƙarin tabbatarwa shi ne, nuna fuskar mutum daban, ba shi bakin magana kuma daban. A mafi yawan fina-finan an ɗauko waɗannan mutane ne aka ɗora musu kaya biyu, kayan tsarki da kayan sha'awa, domin darekta ya yi amfani da su wajen rigimarsa da hukuma da sarauta. Rigimar tasa ce, amma jikin da ake zane ta a kai na wani ne.

Domin auna wannan za mu yi wa kowane fim tambayoyi uku. Ta farko, wa aka nuna? Ta biyu, wa aka bari ya bayyana ma'anar abin da ke faruwa? Ta uku, a kan wa wahalar labarin ta ƙare? Sunayen mutane kuwa za mu kawo su bisa al'adar Japanawa, wato sunan gida kafin sunan yanka.

2.0 Yanayin da Ya Haifi Fina-finan

Kafin mu shiga cikin fina-finan kansu, ya kamata mu dubi abubuwa biyu da suka share musu fage.

Na farko shi ne karyewar kasuwar silima. A shekarar 1958 an sayar da tikitin shiga silima sama da biliyan ɗaya a Japan. Zuwa 1970, bayan talabijin ta shiga kusan kowane gida, adadin ya faɗo zuwa wajen miliyan 255. Manyan kamfanoni suka shiga tsuke bakin aljihu, matasan darektoci kuma suka yi ta ficewa suna kafa nasu ƙananan kamfanoni. Mafakar da suka samu ita ce ƙungiyar Art Theatre Guild, wadda aka fi sani da ATG. An kafa ta a 1961 domin nuna fina-finan ƙasashen waje waɗanda ba na kasuwa ba, daga bisani kuma ta shiga shirya nata. Tsarinta shi ne fim ɗin yen miliyan goma: ƙungiya ta kawo rabi, darekta ya nemo rabi, sa'an nan ba mai tsoma masa baki a cikin aikinsa. Kuɗin kaɗan ne ƙwarai, amma 'yancin da ya zo da shi ba kaɗan ba ne.

Na biyu shi ne tarihin darektocin. An haifi Imamura Shohei a 1926, Shinoda Masahiro a 1931, Oshima Nagisa da Matsumoto Toshio a 1932, Terayama Shuji a 1935, Jissoji Akio kuma a 1937. Wato ke nan dukansu sun tashi ne a zamanin da makaranta ke koyar da cewa Sarkin Japan jikan allahiyar rana ne, mutuwa dominsa kuma ibada ce. A 1945 ƙasar ta sha kaye a yaƙi, a watan Janairu na 1946 Sarki ya fitar da sanarwar da aka fahimta a matsayin janye da'awar allantaka, tsarin mulkin 1947 kuma ya raba addini da gwamnati. Wanda ya ga abin bautarsa ya koma mutum cikin 'yan watanni ba zai sake kallon addini da idon da ba. A wurin waɗannan mutane, tambayar addini tambaya ce ta mulki: wa ya ƙaga tsarki, kuma wa yake cin moriyarsa? Da zanga-zangar 1960 ta kasa hana sabunta yarjejeniyar tsaro da Amurka, sai da yawa daga cikinsu suka yanke ƙauna daga jam'iyyun siyasa, suka koma neman tawaye a cikin jikin ɗan Adam. Sha'awa ta zama makaminsu, domin a ganinsu ita ce abin da doka ba ta iya ɗaurewa.

Akwai kuma wata tatsuniya da ta zame musu rijiyar ɗiba. Littafin Kojiki, wanda aka kammala a shekarar 712, ya ce tsibiran Japan 'ya'ya ne na wasu alloli biyu, Izanagi da Izanami, waɗanda akasarin masu sharhi ke ɗauka wa da ƙanwa ne. Wannan ne ya sa tarayya tsakanin muharramai ta yi ta maimaituwa a fina-finan da za mu duba. Darektocin suna son su ce wa jama'arsu: abin da kuke ƙyama a yau, shi ne tushen gadon sarautar da kuka bauta wa jiya.

3.0 Mace a Matsayin Bakin Abin Bauta

Fim ɗin Himiko na Shinoda, wanda ATG ta fitar a 1974, ya ɗauko labarin sarauniyar da littattafan tarihin Sin suka ce ta mulki wani yanki na Japan a ƙarni na uku. A fim ɗin, Himiko ita kaɗai ke jin muryar abin bautar rana. Iska kan hau ta, ta faɗi magana, amma dattawan fada maza su ne ke fassara maganar su mai da ita doka. Da zuciyarta ta karkata ga Takehiko, wanda ɗan'uwanta ne, sai maganganunta suka daina dacewa da bukatar fada. Aka kawar da ita, aka ɗora wata ƙaramar yarinya a gurbinta, mulki ya ci gaba kamar ba a yi komai ba. A fitowa ta ƙarshe kyamara ta tashi sama, ta nuna manyan kaburburan sarakunan da, gidaje da titunan Japan ta zamani sun kewaye su.

Abin lura a nan shi ne, fim ɗin ya san abin da yake nunawa. Jigonsa shi ne yadda maza ke aron bakin mace su ci albasa, kuma ba abin mamaki ba ne idan aka tuna cewa mace ce, marubuciya Tomioka Taeko, ta yi tarayya da Shinoda wajen rubuta wasan. Duk da haka, ba mu taɓa ganin Himiko a matsayin mutum mai dabara da lissafi ba. Kullum tana cikin ɗayan hali biyu, ko iska ta hau ta ko sha'awa ta hau ta, har ma fim ɗin ya mai da su abu guda. Ya soki fada saboda ta mai da mace kayan aiki, amma bai ba ta wani aikin ba.

Lamarin ya fi fitowa fili a fina-finan Jissoji guda uku da ake dangantawa da addinin Buddha: Mujo na 1970, da Mandara na 1971, da Uta na 1972. Mujo, wato rashin dawwamar duniya, ya sami babbar kyautar bikin Locarno a shekarar da ya fito. Labarin wani saurayi ne, Masao, ɗan gidan masu hali, wanda ya ƙi gadon sana'ar mahaifinsa, ya kusanci 'yar'uwarsa Yuri har ta ɗauki ciki, aka aurar da ita ga baran gidan don a rufa asiri, shi kuma ya tafi koyon sassaƙa gumaka. Ƙololuwar fim ɗin wata doguwar muhawara ce tsakaninsa da abokinsa Ogino, limamin addinin Buddha, a kan aljanna da wuta, da kuma ko akwai wani dalili da zai hana mutum aikata abin da ransa ke so. Ta fuskar sarrafa kyamara da haske, fim ne da samun irinsa ke da wuya. To, amma su wa suka yi muhawarar? Maza biyu. Yuri, wadda a jikinta aka yi gwajin, ita ta ɗauki cikin, ita aka aurar, ba wanda ya tambaye ta ra'ayinta game da aljanna da wuta.

A Mandara abin ya ƙara muni. Wata ƙungiyar asiri ce da ke wa'azin komawa ga noma da sakin linzamin sha'awa, kuma ta hanyar keta haddin mata take shigar da sababbin mabiya. Gaskiya ne ƙungiyar ta ƙare da halaka a teku, saboda haka ba za a ce Jissoji ya yi mata kirari ba. Sai dai kyamara ta daɗe a kan wahalar matan tana ƙawata ta, alhali tunani da jayayya duk an bar wa ɗalibai maza da shugaban ƙungiya. Idan muka koma ga tambayoyinmu uku, amsar a nan ba ta da ruɗani: an nuna mace, namiji ya yi bayani, wahala ta ƙare a kan mace.

4.0 Mutanen Gefe a Matsayin Madubin Jiya

Fim ɗin da ya fi kowanne girma a wannan fage shi ne Kamigami no Fukaki Yokubo na Imamura, wato zurfin sha'awar alloli, wanda kamfanin Nikkatsu ya fitar a 1968. An ɗauke shi a tsibiran kudancin Okinawa, aka laƙaba wa wurin sunan ƙage, Kurage. Mutanen tsibirin sun yarda cewa wa da ƙanwa ne suka haifi ƙasarsu, amma sun tsani gidan Futori saboda ana zargin su da aikata abin da allolin suka aikata. An ɗaure Nekichi da sarƙa yana haƙa rami shekara da shekaru don ya huce fushin alloli. 'Yar'uwarsa Uma ita ce noro, wato mai tsayawa tsakanin jama'a da iskoki. Sai ga wani injiniya daga Tokiyo ya zo neman ruwa domin masana'antar sukari, ya faɗa tarayya da Toriko, yarinyar gidan mai raunin hankali. A ƙarshe Nekichi da Uma suka gudu a kwalekwale, mazan gari suka rufe fuskokinsu suka bi su, suka kashe shi, ɗansa na cikinsu, suka bar ta ɗaure teku na tafiya da ita. Bayan shekara biyar sai ga jirgin sama da 'yan yawon buɗe ido, labarin Toriko kuma ya zama tatsuniyar da ake ba baƙi.

Imamura bai raina mutanen tsibirin ba. Hasali ma, saƙonsa shi ne Bajapanen birni mai kwat da wuyan riga bai fi su wayewa ba, ya dai fi su iya ɓoyewa. Amma a nan ne matsalar take. Tun kafin Imamura, masanin al'adu Yanagita Kunio ya yaɗa ra'ayin cewa a Okinawa ne za a ga Japan ta asali. Wanda aka mai da shi madubin jiyan wani, an hana shi yau ɗinsa. Okinawa daula ce mai sarautarta, Ryukyu, har Japan ta haɗiye ta a 1879. A 1945 an gwabza yaƙi a kanta wanda ya ci rayukan fararen hula masu ɗimbin yawa, kuma a lokacin da ake ɗaukar fim ɗin tana ƙarƙashin mulkin sojan Amurka, ba a mai da ita ga Japan ba sai 1972. Kusan babu ko ɗaya daga cikin wannan tarihi a tsibirin Kurage. Daɗin daɗawa, manyan taurarin fim ɗin, irin su Mikuni Rentaro, 'yan babban yankin Japan ne. Imanin mutanen Okinawa cewa 'yar'uwa tana da ikon ruhi da ke kare ɗan'uwanta, wanda suke kira onarigami, zumunci ne da addu'a, amma a hannun Imamura ya rikiɗe ya zama labarin shimfiɗa.

Yana da amfani a gwada wannan da Den'en ni Shisu na Terayama, wato mutuwa a karkara, na 1974. Shi ma ya nuna mutanen gefe, har da itako, matan da ke kiran ruhin matattu a dutsen Osore, inda yaron labarin ya je don ya yi magana da mahaifinsa. Bambancin shi ne Terayama ɗan wurin ne, haifaffen lardin Aomori a arewa mai nisa. Kuma a tsakiyar fim ɗin sai labari ya tsaya, aka gane ashe abin da muke kallo fim ne da yaron ya shirya bayan ya girma, yana kuma tuhumar kansa da yi wa ƙuruciyarsa kwalliya. Wato fim ɗin ya sanar da mai kallo cewa karkarar da yake gani ƙirar wani ce. Imamura bai yi wa masu kallonsa wannan gargaɗi ba.

5.0 Kirista, da Ɗan Koriya, da Mai Shigar Mata

Kiristoci a Japan wajen kashi ɗaya ne cikin ɗari na jama'a. An haramta addinin a 1614, ba a ɗage haramcin ba sai 1873. A 1971 Shinoda ya mai da littafin Chinmoku na Endo Shusaku, wato shiru, zuwa fim. Labarin wani fada ne ɗan Fotugal, Rodrigues, wanda aka tilasta wa taka hoton Almasihu domin a daina azabtar da manoma mabiyansa. Abubuwa biyu ne suka shafi batunmu. Na farko, malaminsa Ferreira, wanda ya riga shi yin ridda, Bajapane ne, Tanba Tetsuro, ya fito a matsayinsa bayan an yi masa kwalliyar Turawa. Ana iya karanta wannan a matsayin dabara, wato Bature ya narke ya zama Bajapane. Na biyu, kuma mafi nauyi, Shinoda ya rufe fim ɗin da Rodrigues yana afka wa matar da hukuma ta ba shi. A littafin, Endo, wanda shi kansa Kirista ne, ya bar wa mai ridda wani ɓoyayyen imani da ya tsira daga faɗuwarsa. Shinoda ya share wannan, ya sa sha'awa a gurbinsa, kuma domin ya nuna faɗuwar namiji sai ya sake neman jikin mace. Manoman da suka mutu a kan imaninsu kuwa, mun ga azabarsu filla-filla, amma kaɗan muka ji daga abin da suka yi imani da shi.

Fim ɗin da ya fi kusa da cin jarrabawarmu shi ne Koshikei na Oshima, wato hukuncin rataya, na 1968. Ya samo asali daga shari'ar Ri Chin'u, wani matashi ɗan asalin Koriya da aka samu da laifin kisan mata biyu a 1958, aka zartar masa da hukunci a 1962. A fim ɗin an rataye wani mai suna R amma bai mutu ba, sai dai ya manta ko shi wane ne. Tun da doka ba ta yarda a kashe wanda ba ya cikin hayyacinsa ba, sai jami'an kurkuku suka shiga kwaikwayon rayuwarsa da laifinsa don su tuna masa. Limamin Kirista na kurkukun ya dage cewa ruhin R ya riga ya tafi, wannan jikin ba shi ba ne. Cikin kwaikwayon ne jami'an suka tona asirin kansu: irin ƙazantar da suke zaton ita ce rayuwar ɗan Koriya, da abin da wasunsu suka aikata a lokacin yaƙi, da sha'awar da ke cikin zukatansu. A nan wakilci shi ne jigon kansa. Muna kallon masu iko suna ƙera hoton wanda suke mulka, suna kuma neman ya sa hannu a kai. Ɗan asalin Koriya ne ya fito a matsayin R, kuma shi ne ke yin tambayoyin da suka gagari mai gabatar da ƙara, musamman game da mece ce ƙasa da har za ta halatta kisa.

Duk da haka, akwai inda fim ɗin ya gaza. Matar da ta bayyana a matsayin yayar R, cikin tufafin Koriya, an gina ta ne a kan Pak Sunam, 'yar jaridar da ta yi musayar wasiƙu da Ri yana kurkuku. Bajapaniya ce, Koyama Akiko, ta fito a wannan matsayi, aka kuma mai da ita rabi muryar kishin ƙasa, rabi abin sha'awar R. Matan da aka kashe kuwa ba su da murya ko kaɗan.

Bara no Soretsu na Matsumoto, wato jana'izar furanni, na 1969, bai tsaya a kan addini kai tsaye ba, ya ɗauko tatsuniyar Girkawa ce ta Odifus da ƙaddararsa ya juya ta, ya dasa ta a mashayar maza masu shigar mata a Tokiyo. Mun kawo shi ne saboda dabara guda. Lokaci zuwa lokaci labari kan tsaya, a juya kyamara ga ainihin masu wannan rayuwa, har da tauraron fim ɗin, a yi musu tambaya su amsa da bakinsu. Amsoshin gajeru ne, wasu cikin kunya, wasu cikin raha, kuma ba su yi kama da mummunar ƙaddarar da labarin ya tanadar musu ba. Wannan saɓani tsakanin tatsuniya da mai rai shi ne mafi darajar abin da ke cikin fim ɗin. Tambayoyin dai na darekta ne, amma an buɗe taga.

6.0 Da Masu Abin Suka Karɓi Kyamara

Mai yiwuwa wani ya ce zamanin ne bai ba da damar fiye da haka ba. Tarihi bai goyi bayan wannan uzuri gaba ɗaya ba. Tun a 1962 Tanaka Kinuyo, shahararriyar 'yar wasa wadda ta ba da umarnin fina-finai shida, ta shirya Ogin-sama, labarin wata mace a ƙarni na sha shida da ta kamu da son Takayama Ukon, basarake Kirista mai aure. Addini da sha'awa ne jigonsa, amma matar ce ke so, ita ke furtawa, ita ce kuma ta zaɓi mutuwa a kan ta zama ƙwarƙwarar mai mulki. Fim ne mai zubin gargajiya, ba na sabon salo ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa tawaye a salo ba lalle ne ya zo tare da tawaye a wakilci ba.

Cikakkiyar amsa ta zo ne daga baya. Pak Sunam, wadda Oshima ya mai da ita alama, ta ɗauki kyamara da kanta, a 1986 ta fitar da fim ɗin shaida a kan 'yan Koriya da bam ɗin Hiroshima ya rutsa da su, ta kuma ci gaba da tattara muryoyin waɗanda tarihi ya tsallake. Takamine Go, haifaffen tsibirin Ishigaki, ya shirya Untamagiru a 1989 cikin harshen Okinawa, har sai da aka rubuta wa Japanawa fassara a ƙasan allo. Iskoki da sha'awa suna nan a fim ɗinsa, amma suna zaune kafaɗa da kafaɗa da sojan Amurka da gardamar makomar tsibiran. Shi ma ya ɗauko tauraro daga babban yankin Japan, amma wannan karon baƙon ne ya koyi harshen masu gida. A 2014 Kawase Naomi ta nuna mai hawan iska a tsibirin Amami cikin Futatsume no Mado, ba a matsayin abin tsoro ko abin sha'awa ba, a matsayin uwa da ke jinyar ajali, dangi na kewaye da ita suna waƙa.

Tsohon zubin bai mutu ba. A Ai no Mukidashi na Sono Shion, na 2008, mai tsawon kusan awa huɗu, ɗan wani fada yana aikata zunubi da gangan don ya sami abin da zai furta wa mahaifinsa, yana kuma neman yarinyar da za ta zame masa Maryama. Mace ta sake zama gunki. Bambancin shi ne an ware wa 'yan matan biyu na labarin sassan da suke ba da tarihinsu da bakinsu, wanda hakan ci gaba ne a kan Mujo, ko da yake kyamara ba ta daina leƙe ba.

7.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za mu iya fitar da sakamako uku. Na farko, fina-finan sabon salo sun rushe tatsuniyar cewa Japanawa jinsi ɗaya ne mai addini ɗaya da ɗabi'a ɗaya, kuma wannan aiki ne da ya cancanci yabo. Na biyu, a inda addini da sha'awa suka haɗu, akasarin darektocin sun raba aiki ba bisa adalci ba: tunani da shakka na namiji ɗan birni, tsarki da jiki da wahala na mace da mutumin gefe. Na uku, waɗanda suka fi tsira daga wannan su ne waɗanda suka tona dabararsu a gaban mai kallo, kamar Koshikei da Den'en ni Shisu da Bara no Soretsu, domin sun yarda cewa hoton da suke nunawa yana da mai shi.

Darasin da ke nan ga mu manazarta adabi da wasan kwaikwayo shi ne kada mu auna wakilci da ƙidayar fuskoki. Fim na iya cika da talakawa da mata da baƙi, amma ya zamana mutum ɗaya ne ke magana da bakinsu duka. Ba muna cewa kada wani ya ba da labarin wani ba ne, domin da haka ne da ba a sami Koshikei ba. Muna cewa ne mai nazari ya riƙa tambayar wanda aka bar wa fassara, da wanda aka bar wa ciwo. Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Abin da ayyukan Pak Sunam da Takamine suka ƙara mana shi ne, sau da yawa idan mai ita ya karɓa, sai a tarar ashe ba ma waƙar da aka daɗe ana rerawa da sunansa ba ce.